Mun Gode da Aro

Assalamu alaikum 'yan uwana na wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana da lambata, garinmu ba ya riƙe magana. Don Allah ku ba ni shawara, na daɗe ina karanta damuwar wasu ina wucewa, yau tawa ce ta hana ni cin abinci.

Ni budurwa ce 'yar Birni a nan Damagaram, gidanmu Barebari ne tun kakanni. Na gama makarantar horon malamai, na koyar a wata lakwal, wato firamare, ta cikin gari, daga baya aka mayar da ni wani ofishin ansifekta a cikin jiharmu, ba zan faɗi wanne ba. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne tsakanin manya da makarantun ƙauye. Mu ke kai littattafai da alli, mu ke tara malamai mu sabunta musu dabarun koyarwa, mu ke shiga aji mu zauna a baya mu ga ko yara na gane karatu, in iska ta kwashe rumfar wani aji mu ake fara gaya wa. Kuma ana aikin kirki, ba zan ci amanar hakan ba. Na ga yaron da ba ya iya haɗa baƙi biyu ya dawo yana karanta wa kakarsa rubutun jikin buhun taki. Ina son hanya bayan girbi, in mun ratsa gonaki an kwashe hatsi, dammuna jere a bakin rumbu, nakan jingina da tagar mota in ta tsara baituka a raina har mu isa.

Shugaban ofishinmu aminin mahaifina ne. Tun rasuwar Abba shi ya tsaya mana, shi ya yi ta kai da kawo har na sami wannan wurin. A biro, wato ofis, Shef nake ce masa, a gida Baba. Ya san ina rubuta waƙa tun ina ƙarama, har yakan kira ni mawaƙiyar gidan Malam. To bana wata ƙungiya da ke taimaka wa ilimi ta ba da tabulban, teburan nan masu haɗe da benci, a raba wa makarantun ƙauye, sai aka ce wata Madam za ta zo daga Yamai ta gani da idonta. Shef ya kira ni ya ce in tsara waƙar maraba da yara za su rera. Wallahi har rawa na yi a raina. Na rubuta 'yar gajeruwa, amshinta shi ne, jiya muna ƙasa yau mun hau sama, mun gode da kyauta, mun gode. Aka aika ta makarantu uku da Madam za ta ziyarta, kowace da ranarta.

Ni aka tura ta ƙarshen, in je tun ana gobe in gyara wa yara murya. Ƙauye ne can kudu, ajin duk na zana, irin wanda ba a buɗewa sai an yi girbi an sami kara. Na shiga na tarar da yara a ƙasa, wasu kan buhu, wasu kan takalmansu, allo a cinya. Na tambayi malamin, bari in kira shi Mushe Isufu, ina teburan da aka kawo? Ya dube ni kamar na zo da wasa, ya ce, "Malama, suna hanya. Ai su ma baƙi ne, gobe da sassafe za su iso, za su kwana a inda aka yi taron yau." Ban gane ba sai da ya warware mini. Kamyo ɗaya ne, babbar mota cike da tebura, yana gaba Madam na biye. Ta gama da wannan makaranta ta koma masauki, a loda a kai na gaba. Ya faɗa yana dariya, irin dariyar wanda ya gaji da jin haushi.

Da safe kamyo ya zo. 'Yan uwa, abin da na gani ban manta shi ba har yanzu. Yara suka tsaya nesa suna kallon teburan kamar an sauke raƙuma. Sai da aka koya musu zama, aka ce kada a haɗa ƙafa a sama, kada a leƙa ƙarƙashi, a yi kamar an saba. Akwai wata 'yar siririya, zan ce mata Zara'u, ita ce mai ja waƙar don muryarta kamar ƙararrawa. Ta cire takalmanta ta jera su a gefe kafin ta hau, yadda ake yi a bakin tabarmar manya, ta sa gefen kallabinta ta goge saman teburin, ta kwantar da kuncinta a kai ta lumshe ido. A jikin katakon kuwa ga zanen allin yaran jiya bai ma goge ba.

Madam ta iso, Bazabarmiya ce, mai fara'a da son yara, Hausarta ta cefane ce kawai, sauran magana da Faransanci. Mai gari da dattawa aka jera su a inuwa. Zara'u ta ja waƙa, tsigar jikina ta tashi don ban taɓa jin kalmomina a bakin wani ba. Da aka zo amshi sai ta ɗaga murya ta ce, mun gode da aro, mun gode. Yara kuma abin da mai ja ya faɗa shi suke maimaitawa, aji duka ya ɗauka, mun gode da aro. Mushe Isufu ya sunkuyar da kai. Wani dattijo ya toshe baki da rawaninsa.

Madam ta riga ta ji waƙar sau biyu a sauran makarantun, ta san kyauta ake cewa, har tana bin amshin da leɓe. Ta juya ta tambayi Shef me ya sa a nan kalmar ta canza, mene ne aro? Ko ƙiftawa bai yi ba. Ya ce mata ai wannan tsohuwar kalmar Barbarci ce da ta shigo Hausar Damagaram tun zamanin sarakunan farko, ta fi kyauta nauyi, ana faɗinta ne ga kyautar da ba za a taɓa mantawa da ita ba. Sannan ya nuna ni ya ce, "Ga Babarbariya nan, ita ta rubuta, tambaye ta." Idanu duka suka dawo kaina, nasa ya fi na kowa. Na yi wani murmushi da har yau in na tuna nake jin kamar in wanke fuskata. Madam ta ɗauka e ce. Ta dafa ƙirji ta ce kalmar ta yi mata daɗi, ta yi ta maimaitawa. Da za ta shiga mota ta juya ga dattawa, ta tattaro 'yar Hausarta ta ce, "In sha Allahu za mu ƙaro muku aro da yawa." Suka tafa mata. Wani daga baya ya ce, "Mun sani, Hajiya, mun sani."

Ƙarar motarta ba ta gama ɓacewa ba kamyo ya juyo da baya ya tsaya a bakin aji. Yaran da kansu aka sa suka fito da teburan, biyu-biyu, suna nishi. Na ja Zara'u gefe na tambaye ta a hankali me ya sa ta canza mini waƙa. Ta ce ita ba ta yi don ɓata ba. Ta rera wa innarta a gida ne, innar ta ce kyauta ba ta komawa, wannan aro ne, kuma aro ma abin godiya ne, amma in za ka gode wa mutum ka faɗi abin da ya yi maka. Sai ta kama gefen mayafina ta ce, "Malama, yaushe za a sake ara mana? Ban gama zama ba." Na ga ta koma ta shimfiɗa buhunta a daidai inda ƙafafun teburin suka bar rami a ƙasa.

Ban iya yi wa Shef magana a biro ba, sai ranar Juma'a da yamma na je gidansa gaishe su kamar yadda na saba. Ina shiga tsakar gida na ga tabulban biyu a gindin dogon yaro, ɗaya an kife kwanuka a kai suna shan iska, ɗayan jikokinsa na haye suna cin gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba abin nan ya dame ni. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce in zauna, ya ce ni yarinya ce mai ganin duniya kamar waƙa. Ya ce teburan da suka zo ba su isa ba, makarantun bakin kwalta da yara suka yi wa yawa su aka fara ba, wasu kuma manyan da ba a ce musu a'a sun aiko an kai inda suke so, ragowar shi ne kamyon da ke yawo. Ya ce in baƙi suka ga gaskiya ba ƙauye ɗaya za su gyara ba, hannu za su janye daga yankin gaba ɗaya, har littattafan da horon malaman da nake yabo. Ya ce tun kafin a haife ni haka ake karɓar baƙi. Da na dubi wajen kwanukan sai ya ce waɗannan ai ajiya ce, kafin a gyara sito. Ya ƙare da cewa maganar Barbarci kuwa in gode masa, don ya fitar da Mushe Isufu daga wuta.

A gida mahaifiyata, Iya, ta ce kada in kuskura. Ta ce mutumin da ya tsaya a kan gawar mahaifina, ya sa aka gyara mana rufi da damina, ba ni ce zan tsaya gaban baƙuwa in kira shi maƙaryaci ba, in ba na jin kunyarsa in ji ta marigayi. Mun yi ta ja har ta daina amsa gaisuwata ta safe na 'yan kwanaki. Kakata ce kawai ta ba ni dariya, da na tambaye ta ko akwai aro a Barbarci, ta ce ita dai iyayenta daga Borno suka taso, ba ta taɓa jin an ari tukunya a can an hana mayarwa da sunan girmamawa ba. Mushe Isufu kuma ya kira ni ya roƙe ni in bar maganar. Ya ce an riga an ja masa kunne, an cire Zara'u daga jan waƙa, in abu ya fashe ba Shef za a taɓa ba, shi za a jefa wani dajin da ko rijiya babu, ga matarsa da tsohon ciki.

Da a nan abin ya tsaya wataƙila da na haɗiye, in ci gaba da ƙyamar kaina a ɓoye. Amma Madam za ta dawo wata mai zuwa. Ta aiko cewa ni take so in shiga motarta in yi mata tafinta, don ta ce idona na da gaskiya. Kuma kalmar nan ta shiga ranta sosai, har tana so sabon shirin da za su kawo wa makarantun ƙauye a sa masa suna Aro, a buga a riguna a raba wa yara, ni kuma in tsara sabuwar waƙa a kai, in bayyana ma'anarta mai zurfi. A biro da aka ji, wasu har da riƙe ciki don dariya. Shef ya ce in rubuta kawai, wa zai gaya mata? Na zauna zan rubuta ya fi a ƙirga, ko baiti ɗaya ya ƙi fita. Ni da kalmomi ke zuwa mini ko ina tankaɗe, yanzu in na ɗauki alƙalami hannuna nake jin ya yi datti.

Ina ta hango Zara'u sanye da riga an rubuta Aro a ƙirjinta, tana zaune a kan buhu. In na yi shiru, ita da 'yan ajinta za su gama lakwal a ƙasa, a takardun Yamai kuwa suna kan tebur, ba wanda zai sake tunawa da su in ana rabo. In na yi magana, ban san ko tebur za su samu ko littafin hannunsu ma za a karɓe ba, ga Mushe Isufu, ga Iya, ga mutumin da nake ce wa Baba.

'Yan uwa, musamman malamai da waɗanda suka taɓa aiki a irin wannan wuri, ya zan yi? In ce ba ni da lafiya ranar in kwanta a gida? In koma wurin Baba in ce ko ya kai teburan ƙauyen su zauna, har da na gindin dogon yaro, ko ni ba zan shiga motar ba? Ko in bari sai mun kama hanya, daga ni sai ita sai direba? Don na san ba za mu wuce Mirriya ba za ta juyo da fara'ar nan tata ta ce, 'yata, sake gaya mini, mene ne aro? Don Allah ku faɗa mini abin da zan ce mata.