Motar Maigidana Cike Take Da Mai, Ni Kuwa Rabona Da Inna Ya Daɗe

Anti Delu, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya cika mini ciki, kuma duk wadda na gaya wa sai ta fara dariya kafin ta tausaya mini.

Muna zaune a Mile One, nan Fatakwal. Maigidana albasa yake saukewa a kasuwar Creek Road. 'Ya'yanmu uku, Munira da Umair da Auta. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne, bai rage mu da komai ba. Matsalata da shi mota ce.

Shekarun baya ya sayi wata tsohuwar jif, irin mai shiga daji. Ranar da ya kawo ta har guɗa na yi, don garinmu ƙauye ne a bayan Aliero, in an sauka daga kwalta sai rairayi da kwazazzabai. Na ce shi ke nan, na ga Inna. Ya ce in bari a gyara ta tukuna. Aka kai ta wajen Seth mai walda, mijin maƙwabciyata Hephzibah, ya cire bambar baya ta kamfani, ya ƙera wata ta ƙarfe mai kauri, da hannuwa biyu masu buɗewa kamar ƙyaure, ɗaya na riƙe da safaya, ɗaya da mazaunin jarkokin mai. Da aka gama sai ya ce tankin ya yi kaɗan, aka ƙara wani a ƙarƙashi. Ni kuwa ina ta tara tsaraba, har man jan da na saya wa Inna ya lalace na sake saye.

Ashe ba don tafiyata ake wannan shiri ba. A bakin yayarsa na ji cewa yana saurayi a Anacha an taɓa yin wata rigima, gidajen mai suka rufe, motar da shi da wasu suka samu don gudu ta tsaya da su a hanya babu mai. Da ƙafa suka ƙarasa bariki, kuma ba duka suka isa ba. Shi bai taɓa ba ni labarin ba. Motar nan ta ranar gudu ce, Anti. Kullum jarkokin cike suke da fetur a tsakar gida, ya lulluɓe da tamfol. In man ya daɗe ya juye a janareta ya sake cikawa. Har mazauni ya raba wa mutanen gidan da muke haya, ciki har da Hephzibah da yaranta, wai za a sauke su a garinsu Kafanchan. 'Yan unguwa sun sa wa motar suna Jirgin Annabi Nuhu, shi ma dariya yake yi in an faɗa.

In na ce mu je gida, ya ce in muka tafi da ita wani abu ya faru a bayanmu, wa zai kwashe mutanen gida? In na ce to ya sa mu a motar haya, ya ce ba zai saki matarsa da yara a wannan doguwar hanya ba alhali yana da mota a ƙofar gida. Kin ji yadda ya rufe mini ƙofa biyu da magana mai daɗi.

Rabona da Inna tun ina da cikin Auta, ga shi yanzu ya shiga firamare. Ƙanwata Baiwa ta ce yanar ido ta fara hana Inna gani. In sun samu sabis mun yi kiran bidiyo, sai ta kawo wayar daf da hancinta tana tambaya wanne ne Umair a cikinsu. Su kuma su gaishe ta da Turancin buroka, ta yi ta amsawa da amin. Wallahi ina kewarta. Ina kewar in kwantar da kaina a cinyarta tana tsefe mini kitso tana yi mini faɗan na rame. Wani lokaci in ya tafi kasuwa yara sun tafi makaranta, sai in ɗaga tamfol in shiga gaban motar in zauna, ba na yin komai, warin fetur ne ke koro ni. Tsorona kada in je a lokacin da sai dai ta shafa fuskokin jikokinta da hannu. Shin son kai nake yi? Yaya zan yi da shi?

Mai Kewar Inna, Mile One, Fatakwal.

AMSA

Wa alaikissalam, 'yar'uwa. Ba son kai kike yi ba, kuma maigidanki ba mugu ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa a hanya babu mai, mutane na bin sa, ba a ce masa ya manta. Namijin da ya tanadar wa maƙwabtansa wurin zama a motarsa kuwa abin a gode masa ne. Ki fara da wannan godiyar in za ki yi masa magana, kada ki fara da kuka.

Sai dai akwai kuskure a shirin nasa, kuma ta nan za ki shiga. Motar da aka ɗora wa bambar ƙarfe, da safaya, da jarkoki cike, da ƙarin tanki, ta yi nauyi a baya. Ba wanda ya san yadda sifirin da birki da waldar za su yi a doguwar hanya, tunda ba ta taɓa yin ta ba. Ya fi kyau ya gano lalurarta cikin kwanciyar hankali, da makaniki a kusa, a kan ya gano ta ranar da yake tsoro. Tafiyarki gwajin motarsa ce, ki faɗa masa haka.

Na biyu, kuma wannan ba na jira ba ne: fetur a tsakar gidan haya, kusa da risho da gawayi da yara, haɗari ne yau ɗin nan. Ya bar mai a tankuna, ya juye jarkokin, ya cika su ranar tafiya. Ke ma ki daina zama a ciki.

Batun mutanen gida, ki tambayi Hephzibah. Ina kyautata zaton suna zuwa gida Kirsimeti. Ku haɗa tafiya, ku sauke su a Kafanchan kamar yadda ya tsara, Seth na kusa in walda ta saki. Sauran maƙwabta su da bakinsu su ce masa sun yafe. Ku tambayi direbobin albasa halin da hanya take ciki, ku yi tafiyar rana. In duk ya ƙi, ki sa yayarsa a maganar, a samu ɗan'uwansa ya raka ku a motar haya. Ki nemi ya tsayar da watan tafiya, kada ki karɓi "in an gama gyara".

Sannan ki sani, yanar ido sau da yawa ana cire ta da aiki a asibiti. Likita ne zai tabbatar, amma sai an fito da Inna daga ƙauyen, kuma motar da za ta iya shiga wannan rairayin tana ƙofar gidanku. Ki ce masa ya yi shekaru yana shirin ceton mutane a ranar da muke roƙon Allah kada ta zo, ga tsohuwa ɗaya tana bukatarsa a bana.

Allah ya tausasa zuciyarsa, ya kai ku lafiya, ya sa Inna ta nuna Umair da yatsa ba tare da ta tambayi kowa ba.

Taku, Anti Delu.