Jan Allon Tarwaɗa

Litinin, 3 ga Maris

Tarwaɗa ya ci amanata. Shi kaɗai na gaya wa kafaɗata na ciwo, a ɗakin canza kaya, har na sa shi ya rantse. Yau Koci ya kira ni bakin ruwa, ya ce in ɗaga hannu sama. Na ɗaga, hawaye suka tona mini asiri. An cire ni daga tseren nisa na gasar iyo. Wa aka sa a gurbina? Tarwaɗa. Mutumin da tun muna tsoron zurfi muke goge jiki da tawul ɗaya.

Talata, 4 ga Maris

Baba bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Agogon da yake auna saurina da shi ya ajiye kusa da kofin shayina, ya ce, "Duk asubar da na tashi saboda kai ta tafi a banza ke nan." Ya fita. Mama ta ce in ci abinci. Da wane bakin?

Alhamis, 6 ga Maris

Tarwaɗa ya zo yana wani sunkuyar da kai, wai, "Riga fa ka kasa cirewa da kanka, shi ya sa na faɗa." Ko kallo bai ishe ni ba. Shi likita ne? Sai ya yaba wa aya zaƙinta.

Asabar, 8 ga Maris

Tsuntsu daga sama gasasshe. A tseren nisa mutum kan manta sau nawa ya je ya dawo, shi ya sa wani ɗan ƙungiya ke durƙusawa a bakin ruwa yana tsoma masa allon lamba duk sa'ad da zai juya. Jan allo kuwa na nufin tafiyar ƙarshe ce, ka zuba duk ƙarfinka. Koci ya ce kowa ya zaɓi mai riƙe masa. Sakaran ya zaɓe ni.

Tarwaɗa bai iya lissafi a ruwa ba, abin da ya gani shi yake bi. In na tsoma ja tun da sauran tafiya, zai ƙarar da numfashinsa, ya taɓa bango, ya tsaya yana murna, sauran su wuce shi. A gaban kowa.

Talata, 11 ga Maris

Har fuskar da zan yi na gwada a madubi. "Ayya, rikicewa na yi."

Juma'a, 14 ga Maris

A mota na gaya wa Baba ni zan riƙe wa Tarwaɗa allo. Rabonsa da dubana tun ranar nan. Ya leƙo ni ta madubi, ya ce, "To, mai riƙe allo ma ai ɗan Adam ne, yana iya kuskure." Har da murmushi.

Ya kamata in ji daɗi. Sai na ji kamar na haɗiyi ruwan wurin iyo, mai warin maganin nan. Har yau Baba bai ce mini yaya kafaɗar ba. Wanda ya damu da ita kuwa, shi ne gobe zan... bari dai.

Asabar, 15 ga Maris

Gasa. Gwiwoyina kan tayil mai sanyi, jan allon a gefen ƙafata. Baba yana kujerun sama ya naɗe hannu, ni yake kallo, ba ruwan ba. Tarwaɗa kuwa duk juyawa sai ya nemi hannuna da ido. Da lokacin ya yi na taɓa jan, na ɗaga kai, Baba ya gyaɗa mini nasa. Haushi ya turnuƙe ni. Na tsoma lambar gaskiya.

Tarwaɗa ya zo na biyu. Ya fito daga ruwa, ya rungume ni ta ɓangaren lafiyayyar kafaɗar. Na ture shi, amma kaɗan.

Baba ya ja mota har gida, ko sau ɗaya bai leƙo ni ta madubi ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Don in ƙona wa Baba rai na yi, iyakar dalilin ke nan. Tarwaɗa kuwa ban yafe ba, kada ma ya ɗauka an shirya.

Muryata ta dishe tun jiya, da ƙyar magana ke fita. Na ce wa Mama mura ce. Ta ce mura mai ban mamaki, don har kujerun sama ana jin wani yaro yana ta kururuwa, "Ja ruwa, Tarwaɗa, saura kaɗan!"

Na ce ban san ko wane ne ba.