Makon da Fatu Ta Ƙi Nono

Litinin, 7 ga Maris, 1977
Hutun haihuwa ya ƙare, yau na koma makaranta. Aji uku aka ba ni, ɗakin kwano, kuma zafin Roni ba ya jiran hantsi. Allah ya saka wa Martina, nas ɗin asibitin sha-ka-tafi. Ta kawo mini rol-on daga Kano, irin wanda ke hana gumin hammata fita gaba ɗaya. Na ɗaga hannu na yi rubutu har saman allo, rigata a bushe ƙamas. Ƙamshi kuwa sai ka ce matar Di'o.
'Yata Fatu tana wajen Inna, surukata. A littafin nan kaɗai nake iya rubuta sunan Fatu, 'yar fari ce, baki ba ya faɗa.

Laraba, 9 ga Maris
Fatu ta ƙi nono. Ta kama, ta saki, ta juya kai tana kuka. Zafi ne dai.

Juma'a, 11 ga Maris
Kwana uku ke nan. Da asuba takan ɗan sha cikin magagin barci, da ta farka shi ke nan. In na dawo sai na yi wanka na sake shafa rol-on kafin in ɗauke ta, don kada ta ji ni da tsami, amma sai ta banƙare kamar na tsungule ta. Ƙirjina ya cika, taɓawa ma ciwo. Watanta uku da rabi, har wuyanta ya fara nuna rama. Tsoro nake ji, gaskiya.

Asabar, 12 ga Maris
Inna ta ce nonon ne ya ɓaci, wai tafiya cikin rana ta dafa shi. Ta sa na tatsa a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa. In ta fita, nono lafiya. In ta mutu, ya ɓaci. Ta mutu mana. Wace tururuwa ce ta iya iyo? Ban faɗa ba, a ciki na bar shi.
An yanke magana: Adda Saude, yayar maigidana Malam, za ta zo daga rugarsu ta wajen Gwiwa ta tafi da Fatu, a raine ta da nonon saniya. Malam ya sunkuyar da kai. Gaban uwarsa maigidan nan nawa ba shi da baki.
Martina kuma madarar gwangwani da bulumboti ta ce in saya. Kowa yana da abin da zai ba Fatu ban da ni.

Lahadi, 13 ga Maris
Na yi kuka a banɗaki. Ba wanda ya ji.

Litinin, 14 ga Maris
Adda ta iso. Ni da ita dama sai gaisuwa. Man shanu da hayaƙi suke riga ta shiga ɗaki, kuma ban taɓa ɓoye yadda nake kawar da hanci ba. Abin haushi, tana ɗaukar Fatu yarinyar ta yi luf, har da cusa fuska a jikinta.
Da na fito wanka da la'asar na shirya, ta ga yadda Fatu ta juya mini baya. Ta matso. "Malama, ɗaga hannunki." Na ɗaga, ban san dalili ba. Ta shinshina ni, kamar mai sayen daddawa! Na so ƙasa ta tsage.
"Me kika shafa?"
Na nuna mata kwalbar. Ta murza ƙwallon da yatsa, ta shaƙa, ta yi atishawa. Abin da na riƙe cikin maganarta: su a ruga, in aka shafa wa maraƙi wani abu mai ƙarfin ƙamshi, uwarsa shurinsa take yi, ba ta gane shi. "Yarinya tana neman uwarta nan kusa da nono, tana tarar da wata baƙuwa."
Ni, mai shaidar kwalejin horon malamai, ana kwatanta ni da saniya.
Adda ta roƙi Inna kwana uku. Alhamis, in ba a dace ba, ta tafi da Fatu.

Talata, 15 ga Maris
Adda ta hana ni rol-on, ta sa na wanke hammata da sabulun salo, sau biyu, har fata ta yi ja. Sai ta ba ni guntun alif, irin wanda muke jefawa a randa ruwa ya kwanta, ta ce in jiƙa in goga. Da ɗigon lemon tsami in na ji tsami zai tashi. Lemon ya yi mini raɗaɗi, na yi rawar da ban shirya ba, ita tana dariya.
Alif yana kashe wari, ban da gumi. Ƙarfe goma rigata ta jiƙe har gefen ciki. Na matse hannuwa a jiki, duk darasin lissafi a ƙasan allo na rubuta shi, na baya suna ta miƙa wuya. Wata a layin gaba ta ce, "Malama, hannunki ciwo yake?"
Na dawo da sauri. Fatu ta shinshina, ta daɗe tana kallona, ta ƙi. Amma ba ta banƙare ba.

Laraba, 16 ga Maris
Adda ta hana ni wanka da na dawo. Ta ce in tuɓe riga in kwanta da Fatu a tabarma, kada in ba ta, kada in roƙe ta. Muka kwanta. Tana ta wasa da sarƙata. Can ta kama da kanta, gefe ɗaya, kamar minti biyu, ta saki.
Minti biyu. Na duba agogo, shi ya sa na sani.
Inna ta ce wannan ba sha ba ne, lasa ce. Ta riga ta ɗaure kayan Fatu a ɗankwali, har da ɗan bargon da na saƙa. Gobe.

Alhamis, 17 ga Maris
Ban san me na koyar ba yau. Na tuna dai na cika allo tun daga sama, sai da aka tashi na lura da rigata, ban ma damu in rufa da gyale ba. Martina ta gan ni a hanya ta riƙe baki. Na ce mata sai na zo, na wuce.
Ƙunshin kaya yana bakin ƙofa, Malam ya fito da babur zai kai su tasha. Ban ajiye jaka ba ma, da gumina da allin hannuna na karɓe ta daga bayan Adda. Ta tura hanci a hammatata, ta yi wani ɗan gurnani, ta kama. Ta sha har ina jin haɗiyarta. Ta ƙare wannan ta nemi ɗayan.
Inna ta tsaya a kanmu ta daɗe. Daga baya ta ce wataƙila tururuwar dama ba ta da lafiya. Ta ɗauke ƙunshin ta shige ɗaki.
Adda ta ce to ita za ta kama hanya, shanu na jira. Na ce rana ta yi, ta bari sai gobe, ko jibi. Ba wai wani abu ba, alif ɗin ne ban gama iya gogawa ba. Na shimfiɗa mata a ɗakina.
Da hagu nake rubutu a littafin nan, shi ya sa rubutun ya karkace. Fatu ta yi barci a kan damtsena na dama, bakinta da nono, hannun ya mutu tun ɗazu. Littattafan yara hamsin suna jiran maki. Su jira.