Wasiƙun Yaya Yusufa da Ban Buɗe Ba

New Bell, Duwala
12 ga Sha'aban

Zuwa ga yayata Lauratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina miƙo gaisuwar ƙani ga yayarsa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Hayatu da yara da duk wanda ke cin tuwon gidanku a Funtuwa. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa abin da ke damun ki ya zama kankarar zunubi, ya nuna mana watan da ke tafe da rai da imani. Mu nan sai godiya. Matata Fatsuma ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, ta koma suyar ƙosanta a ƙofar gida. Garin yana nan yadda na sha ba ki labari, zafi mai danƙo da ba ya barin riga ta bushe a jikin mutum, ga kwata ga sauro. Kasuwar Mboppi kuwa kullum cike, kamar ba a taɓa rasa kowa a cikinta ba.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali duk Juma'a muna gaisawa a waya. Sau huɗu ina ɗaukar murya zan turo miki, sau huɗu ina gogewa, don da na zo kan maganar sai harshena ya kauce ya koma tambayar yara. Shi ya sa na rubuta na ba Idi direba, tunda ya ce zai bi ta Funtuwa. Ki karanta da kanki, ki kai ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Kin tuna ranar da na kira ki na sanar da ke rasuwar Yaya Yusufa, kika tambaye ni abin da ya faru, na ce miki asibiti ne suka yi sakaci. Kin riƙe maganar nan da hannu biyu. Kulsum matarsa ta gaya mini har a wajen sadakar arba'in kin faɗa wa mata cewa mutum ya yi shekara biyu yana zuwa asibiti da ciwon suga, ba a taɓa gaya masa yadda zai yi da azumi ba, kuma kin ce ba ki yafe wa ma'aikaciyar da ke duba shi ba. Yaya, ki janye wannan magana. Sun gaya masa. A wayata saƙon ya sauka, ni ne ban buɗe ba.

Ga yadda abin yake. Ƙaramin asibiti ne a Cité des Palmiers, ni na raka shi ranar da aka buɗe masa kati. Ma'aikaciyar sunanta Sumayya, Bafulatanar Garwa ce, tana jin Hausa irin tasu ta can. Ta nemi adireshin imel, ta ce duk farkon wata suna aika wa masu suga da hawan jini wasiƙa a kan abinci da magani da ranakun ganin likita, don kada a rabu da juna daga an fita ƙofar asibiti. Yaya ya yi dariya ya ɗaga 'yar wayarsa mai madannai, ya ce shi ko saƙon waya sai an karanta masa, a rubuta na ƙaninsa, shi ne ɗan bokon gidansu. Na ba ta imel ɗin da na buɗe saboda masu turo mana hotunan atamfa da shadda daga waje. Ta dube ni ta ce to amana ce, in riƙa karanta masa. Na ce na ji, irin na jin da ake ce wa mai talla don ya wuce.

Wasiƙun suka riƙa zuwa, ba su taɓa fashi ba, amma da Faransanci. Shekarata goma sha ɗaya a garin nan, Faransancina na kasuwa ne: in yi ciniki, in yi wa ɗan bansikin, wato ɗan acaɓa, faɗa idan ya nemi kayar da ni daga babur, in lallashi ɗan sanda. Karatu kuwa babu. Kuma mu 'yan Najeriya da ke Mboppi mun saba, takardar da ta zo da Faransanci ko ta haraji ce ko ta talla, ba a gaggawar buɗe ta. Maƙwabcina Jibirilla mutumin Marwa yana karanta shi kamar ruwa, katanga ce kawai tsakaninmu. Ban kai masa ba. Kunya nake ji a ce ɗan bokon gidanmu yana neman mai karanta masa wasiƙa. Sau biyu Yaya ya tambaye ni ko mutanen asibiti sun ce wani abu, sau biyu na ce masa gaisuwa ce kawai irin tasu.

Ranar tara ga azumin bara, bayan azahar, yana auna wa wata mata yadi na ga hannunsa yana rawa, zufa tana tsiyaya daga gemunsa. Ya juyo ya kira ni da Mahdi, sunan ɗansa, ya tambaye ni ko an ɗaure akuyoyi. Ashe da sahur ya sha ƙwayarsa yadda ya saba sha kowace safiya, ita kuwa aikinta sauke suga, ko an ci ko ba a ci ba. Akwai wata mata Kirista mai sayar da zare da maɓallai a gefen rumfarmu. Ta rugo da kwalbar lemo a buɗe, ta ce in ba shi yanzu yanzu, uwarta ma haka take yi. Yaya Lauratu, na tare ta da hannu. Na ce mata azumi yake, ba ta san addininmu ba. Mutumin da tun tasowarmu ban taɓa ganin ya sha azumi ba, ni wane ne zan kafa masa kwalba a baki a tsakiyar kasuwa? Waɗanda suka taru ma duk suka ce wahalar rana ce, a yayyafa masa ruwa. Muka kwantar da shi a kan dilar atamfa, na kunna masa fanka, na ce a bar shi ya yi barci, shan ruwa ya kusa. Na ci gaba da sallamar masu saye. Da aka kira la'asar na je tashinsa, bai tashi ba.

Sauran kin sani: tasi, cunkoson Ndokoti da ya riƙe mu, ƙaramin asibitin, daga nan babban asibiti, kwana uku bai buɗe ido ba. Abin da ba ki sani ba shi ne a ƙaramin asibitin, a gaban jama'a, na tsaya na zazzaga wa Sumayya masifa, na ce sun iya ba mutum ƙwaya ba su iya gaya masa za ta kashe shi ba. Ita kuwa tana ta neman jijiya a hannunsa.

Bayan ƙaramar salla wata ya kama, sai ga wasiƙar ta sake shigowa da sunansa a sama. Raina ya ɓaci, na hau babur har asibitin don in ce su daina rubuta wa matacce. Sumayya ta yi mini ta'aziyya, ta ba ni haƙuri, ta ce za ta cire sunan. Har na miƙe, sai na tambaye ta cikin gatse wai me ma suke ta rubutawa haka duk wata. Ta tambaye ni ko da gaske ina son ji. Na ce eh. Ta juyo da kwamfutar, ta buɗe ta watan Sha'aban, ta riƙa karantawa tana mayar mini da Hausa. An ce duk mai suga da ke niyyar azumi ya zo a duba shi kafin wata ya tsaya, don wasu za a canza musu magani ko lokacin shansa, wasu kuma likita zai ce kada su yi. An ce idan mai azumi ya fara zufa da rawar jiki da ruɗewar magana, a ba shi abu mai zaƙi nan take, kada a jira magariba, idan kuma ya riga ya suma kada a ɗura masa komai, a ruga da shi asibiti. A ƙasa akwai layi biyu da ta ƙara da hannunta, nasa shi kaɗai. Ta kira shi Baba Yusufa, ta ce ƙwayarsa tana cikin masu sauke suga da ƙarfi, likita yana son ya canza masa ita kafin azumi, don Allah ya zo ko ran Talata.

Ta ce ta kira lambarsa sau biyu ba ta shiga. Ba za ta shiga ba, don an sace wayar a kasuwa, ni na saya masa sabon layi, ban kuma kai musu lambar ba. Kwamfutar tasu tana nuna wanda ya buɗe wasiƙa da wanda bai buɗe ba. Ta nuna mini layin Yaya, ashirin da biyu a jere, ko ɗaya ba a taɓa ba. Na jira ta rama abin da na yi mata. Sai cewa ta yi laifinta ne, tunda ta ga ba a buɗewa, da ta tako har Mboppi ta neme shi. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba zan ce ba su da nasu laifin ba, kuma na faɗa mata a ranar. Rabin masu zama a bencin asibitin nan Hausawa ne da Fulani da Barebari, tsofaffin da ko sunansu ba su iya karantawa da Faransanci ba. Ka zauna ka tsara wasiƙa mai kyau, ka aika wa mutum cikin harshen da ba ya ji, sannan ka ce ka sanar da shi? Har yanzu idan na tuna sai in ji ɗaci. Amma su sun rubuta, sun kira, sun ambaci sunansa. Matar nan mai maɓallai da na ce ba ta san addininmu ba, ita ma ta yi nata. Da na tambayi limamin unguwarmu daga baya, ya ce ai mara lafiya Allah da kansa ya ba shi sauƙi, a irin wannan hali karya azumin shi ne daidai. Kowa ya yi abin da ya sani. Ni ne aka ba amana na sa ta a aljihu ina yawo da ita wata ashirin da biyu.

Yanzu suna sa Hausa a ƙarƙashin Faransancin, Sumayya takan turo mini in gyara mata inda Hausar Garwa ta yi nisa da tamu, Jibirilla kuma yana karanta wa tsofaffi a ƙofar masallaci bayan Juma'a. Kada ki ɗauka na faɗa ne don in wanke kaina. Na san gaskiyar nan wata goma, ina jin ki a waya kina Allah ya isa ga matar da ba ta ci miki komai ba, ina cewa sai haƙuri. Tsoro nake kada ki daina kira na autan Inna.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru shi ne maganar da Kulsum ta yi mini makon jiya. Ta ce tun bayan babbar salla aka auna ki aka ce ke ma sugan ne, kika ɓoye mini. Ta ce kin rantse ba za ki sake taka asibiti ba tunda asibiti ne ya kashe Yusufa, ƙwaya kike aikawa a sayo miki a kemis, kuma kin ce azuminki talatin cif za ki yi. Da na ji haka sai na zauna a kan dilar nan dai da muka kwantar da shi a kai. Ƙaryata ta tashi daga Duwala ta je Funtuwa ta zauna a ɗakinki, tana jiran wata ya tsaya.

Na sa an buga mini wasiƙar Sha'aban ta bana, ta Hausa, tana cikin ambulan ɗin nan. Ki karanta, ki ba Malam Hayatu, ki tara yaran gidan a karanta musu, har su san abin da za su yi idan suka ga hannunki yana rawa. Amma takardar ba likita ba ce. Ki ɗauki ƙwayar da kike sha, da kwalinta, ki je asibiti a cikin makon nan, ki gaya musu kina son yin azumi, ki ji abin da za su ce. Idan sun ce ki sha azumin, ki sha, Allah ya san ba raini ba ne. Ba na roƙon ki yafe mini yanzu. Ki je asibitin tukuna, sannan ki yi fushi da ni iya yadda ranki ya so, ina da shi a wuyana. Sumayya kawai nake roƙa wa, ki cire ta daga bakinki.

Ki gaishe mini da Malam Hayatu da kyau da kyau. Ki gaishe da Kulsum, ki ce mata ita ma tata takardar tana hannun Idi, ba zan bar ta ta ji a bakin wani ba. A gaishe da Mahdi da Nuriyya da Suhaib, Allah ya yi musu albarka ya jiƙan mahaifinsu. A gaishe da Tsohuwa surukarki, a ce mata man zafin da ta ce in nemo yana cikin kayan. Fatsuma tana gaishe ki, ita ma sai jiya ta ji duk wannan.

A ranar nan na ce wa Sumayya ta bar sunan Yaya, kada ta cire. Duk farkon wata wasiƙar tana zuwa, Baba Yusufa a samanta, nakan zauna a rumfarsa in karanta har ƙasa. Idan kin je asibitin ba sai kin kira ni ba, na san muryata ba za ta yi miki daɗi ba yanzu. Ki sa Malam Hayatu ya ɗauki hoton katin ya turo mini. Zan buɗe.

Ƙaninki,
Rilwanu