Dodo Mai Wutsiyar Gero

Filinge, daren Lahadi

Yaya Isufu yana haɗa wasan karta na dodanni a Yamai, ya ce in zana mashi guda. Na zana doguwar mace mai kan kura. Kaka ta gani, ta tsuke fuska.

"Wagga ta yi kama da Doguwa ta bori. Ba a buga iskoki bisa tabarma. Ba ta zuwa Yamai."

Na yi kuka kaɗan bayan rumbu, sannan na sake wani mai wuyan raƙumi, jikin zabo, wutsiyarsa zangarniyar gero.

Kaka ta daɗe tana dubawa. "Wanga ban san shi ba. Ɗan wane ne?"

"Nawa ne," na ce.

Ta yi dariya. "To, uwar dodo, kai ma direban motar Yamai shi tun da safe."