Rumfar Facinka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani mai faci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka.

Baba, kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Ina tsaye gaban allo ina koyarwa, hankalina na can tsohuwar tashar manyan motoci, inda rumfar facinka take.

Ka bar ta cike da tireloli masu jiran tsallakawa Maraɗi. Da aka rufe boda sai ta koma juji. Ni na tara 'yan unguwa na ce mu gyara ta, ko na ɗan lokaci ne, kafin hukuma ta waiwayi filin. Mata suka share, maza suka haƙa ramuka, muka dasa itatuwan bedi da zogale. Yanzu da la'asar masu awara da masu fura ke cika wurin.

Ka tuna tulin tsofaffin tayoyinka, wanda Inna ke kira gidan macizai? Kullum amsarka ɗaya ce: "Ku bar mani su, taya ba ta gama aiki." Su muka jera muka kewaye kowane dashe, awaki suka rasa ta yi. Da kana nan da ka ishe mu da gori.

To ga abin da ya hana ni sakat. Rumfarka ta tare hanyar da kurar ruwa za ta bi zuwa dashen. Ni kuwa na tsaya kai da fata a taro sai da Alhaji Iro mai sayar da tsofaffin ƙarafa ya kwashe kayansa daga filin. Ranar Asabar ya dube ni gaban kowa ya ce, "Malama, saura rumfar."

Na san kwanon rufinta ya yi tsatsa. Amma nan nake kai maka tuwo, in tsuguna ina kallo kana nutsa tiyub cikin ruwan daro, kana neman inda ke kumfa. Har yau in na shiga na shaƙi warin roba, sai in ji kamar alwala ka fita yi.

Na amince, Baba. Gobe da hantsi za a cire ta, kuma ban san ko ƙafata za ta iya kai ni wurin ba. Abu ɗaya na roƙa, a bar mani daron, in riƙa shayar da bedin da za mu dasa inda kake zama. Na duba, yana yoyo. Zan yi masa faci yadda na ga kana yi.

Ka yafe mani. Allah Ya jiƙanka, Ya ba ka inuwar da ta fi wadda muke dasawa.

Ɗiyarka,
Hadiza