Na'urar da Kuka Ba Mu Layin Nijar Take Kamawa

Zuwa ga Shugaban shirin da ya raba mana na'urar auna numfashin jarirai,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali. Abin da nake so shi ne ku turo mutum ƙauyenmu, ya tara mata, ya gaya musu da bakinsa cewa likita ba ya ganin 'ya'yansu. Ni na faɗa, ba a yarda da ni ba.

Sunana Binta, ƙauyenmu yana bayan Babura, dab da iyaka. Ban yi makaranta ba. Malamarmu ta Islamiyya ce take rubutawa, na ce kar ta gyara mini magana.

Na farko. 'Yata Hanifa bakwaini na haife ta, ita ce ta fari. Da za a sallame mu daga asibiti, ma'aikacinku ya ba ni wata 'yar na'ura kamar sabulun wanka, da abin maƙalawa a yatsan ƙafa. Ya ce safe da yamma in maƙala mata, akwai layi a ciki, likita yana birni yana gani. Ya ce kar in riƙa wahalar da yarinya a kan mashin, in da matsala su za su kira wayar maigidana. In ba a kira ba, to lafiya lau. Na ce ya sake faɗa, ya sake faɗa.

Na biyu. Wallahi ban taɓa tsallake rana ba. In caji ya ƙare, maigida barin gona yake ya kai ta wurin masu caji. Cikin kwallar kayan ɗakina nake ɓoye ta, kar yaran gida su taɓa. Likitan nan da ban taɓa gani ba, har addu'a nake masa bayan sallah, ina cewa ga bawan Allah yana can yana kula mini da 'ya.

Na uku, shi ne ya hana ni sukuni. Da damina ta yi nisa, Hanifa ta fara numfashi da sauri, haƙarƙarinta yana lotsawa, ta ƙi kama nono. Inna, uwar maigida, ta ce a ɗauke ta a tafi. Na maƙala na'urar, fitila ta kawo kore kamar kullum. Muka ajiye waya a kan tabarma muna kallonta, ni da Inna da maigida. Ba ta yi ƙara ba. Muka ce tunda likita ya gani bai kira ba, mura ce. Haka muka wuni. Sai da leɓenta ya fara canza launi maigida ya ce shi dai ba zai ƙara jira ba, ya tayar da mashin.

A asibiti aka sa mata robar iska a hanci. Tana raye, alhamdu lillahi, amma nas ta ce da mun ƙara jinkiri da sai dai haƙuri.

Na nemi ma'aikaciyarku da ke wurin, na ce me ya sa ba ku kira ba? Ta duba kwamfuta, ta ce babu komai a gaban sunan Hanifa, tun awon da aka gwada mana ranar sallama. Ta tambayi garinmu. Da na faɗa, ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce ai na bakin iyaka haka suke, layin Nijar suke kamawa, saƙon ba ya isowa, an daɗe da sani. Koren kuma wai alama ce ta gama awo, shi ke nan.

An daɗe da sani, ranka ya daɗe.

Mu ma mun san wayoyinmu suna tsallakawa Nijar, maza kan tudu suke hawa in za su yi kira. Amma ku da kuka zo da mota da takardu, na ɗauka taku daban ce. Ma'aikacinku da hannunsa ya rubuta sunan ƙauyenmu. Duk watannin nan, ba wanda ya ga shiru ya ce ina yarinyar nan take? Da ba ku ba ni komai ba, da tun safe na goya 'yata na fita. Ina da ido, na ga numfashinta. Maganarku ce ta zaunar da ni.

Sannan ma'aikaciyar taku ta maido mini da na'urar, wai in riƙa fita bakin kwalta in auna. Da jaririya, cikin ruwan sama.

To ga roƙona. Ku zo ku faɗa wa mata gaskiya. Ku duba sunayen duk yaran da awonsu ba ya zuwa, ku neme su tun yau. In ba za ta gyaru ba, ku kwashe kayanku, ku ce mana in yaro ya canza a tafi asibiti. Ba faɗa nake ba, tsoro nake ji. Yanzu ko tari Hanifa ta yi sai in tashi in duba numfashinta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka naka, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Na gaya wa mai unguwa, ya ce zai kai gaba. Na gaya wa ma'aikacin da ya ba ni na'urar, ya ce ba ɓangarensa ba ne. Na gaya wa matan da suka karɓa, a gidan suna, wasu suka ce ni ce ban iya maƙalawa ba. Na gaya wa Rabi, maƙwabciyata, ita ma an ba ta na'urar, har ɗakinta na shiga. Ɗanta tun jiya jikinsa zafi. Ta ce ita ba za ta bar maganar ma'aikata ta ɗauki tawa ba. Yanzu haka tana zaune, waya a cinyarta.

Wassalam.

Binta, uwar Hanifa.